Abin da Yaya Yake Ji a Ƙarshe

Yayana ne ya fara nuna min shafin, a ɗakinsa na haya da ke unguwar Barade, lokacin ina sabuwar ɗauka a ma'aikata. Aikin shafin ɗaya ne tal. Akwai wata 'yar manhaja da kake kunna waƙa da ita a waya, duk abin da ka saurara sai ta aika wa shafin sunansa da ranar da lokacin, shi kuma ya jera maka su. Na ce, "Haba Yaya, kai da hankalinka? Ka ji waƙa da kunnenka, sai kuma ka jira wani a ƙasar waje ya gaya maka ka ji?" Ya ce in bar surutu in gwada. Na gwada, kafin wata biyu na fi shi lalacewa.

Shi mai kaɗa fiyano ne a cocinmu, kuma ba ya raina waƙa. Zai je wurin masu zuba waƙa a memori a kasuwa, su loda masa komai da komai, na harshenmu, na Jukunawa, na Fulani, da na zumuntar mata da aka ɗauka da waya a wajen taro, har ana jin kukan jarirai a ciki. Su kuwa masu zubawar ba ruwansu da suna. Wata waƙar lamba ce kawai a kanta, wata sunan shagon ne. Sai Yaya ya zauna ran Asabar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa kowacce sunanta na gaskiya da na masu rera ta. In bai sani ba, ya kira Mama ya kara mata wayar a kunne. Shekaru ya yi yana wannan aikin da ba wanda ya sa shi.

Ta shafin muka riƙa leƙen juna. In na ga tun safe yana maimaita waƙa ɗaya, na san an ɓata masa rai a ofis, sai in kira in tsokane shi. Shi ma in ya ga na koma waƙoƙin soyayya, da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu a unguwar Nukkai yana tambayar Mama wane ne ke zuwa wurina. Shi ne kuma ya nuna min cewa in ba sabis, manhajar ba ta mantawa. Tana riƙe sunayen a cikin wayar, ranar da ta samu data ta tura su gaba ɗaya. Duk lokacin da ya je ƙauye ya dawo, sai in ga waƙoƙin sati guda sun zubo a shafinsa lokaci ɗaya.

Ciwon da ya kama Yaya bai ba mu lokaci ba. Da asibiti suka ce sun yi iyakar yinsu, Mama ta ce a kai shi gida, wato ƙauyenmu da ke bayan duwatsu, inda sai ka hau tudu kafin waya ta shiga. Sati uku ya yi a can. A na biyu magana ta ɗauke masa, abin da ya rage sai iyafis a kunne. Ana kai wayar caji wurin mai sola, a dawo masa da ita, ya lalubi abin da yake so da ɗan yatsa. Ina zuwa Juma'a in koma Lahadi saboda aiki. Ran Talata da safe ina cikin keke wajen Mayo Gwoi aka hau tudu aka kira ni.

Mama ce a gefensa. Ta ce leɓensa na motsi, yatsunsa na taɓa katifa kamar yana kan fiyano, har ya daina. Ita ta cire masa iyafis ɗin, amma a lokacin wayar ta riga ta mutu. Bayan biso, wato jana'izarsa, da kwana biyu ta ja ni bayan rumbu. Hausar Mama ta kasuwa ce, ba ta damu da na mace da na namiji ba. Ta ce, "Kai, abin da yana ji ɗin nan, wane waƙa ne? Bai iya gaya mani komai ba. Ina so na sani." Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, yana cikin wayar. Da bakina na ce mai sauƙi ne.

Ashe Kawu, yayan Mama, ya riga ya kulle wayar. A danginmu, in mutum ya rasu ana tattara kayansa a akwati, a ba kawun mamacin makulli, ba mai taɓa ko tsinke sai an cika shekara an yi addu'a. Na durƙusa masa. Na ce, "Kawu, ba ɗauka zan yi ba. Minti goma kawai, a gabanka, in duba in mayar." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da bokonki. Takalminsa ma yana ciki, ya ce miki yana sauri ne?" Na juya wurin Mama ina jiran ta sa baki, sai ta ce a bari, shekara ba nisa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye. Na yi mata alkawari cewa ranar addu'ar cikar shekara, waƙar nan ce mawaƙan coci za su rera.

Watanni na yi ina buɗe shafinsa. A sama akwai waƙar da ya ji a motar da ta kai shi ƙauye, kafin sabis ya yanke. Daga nan ba komai. Na san sauran na nan kwance cikin akwati suna jira.

A wata na takwas shafin ya ɗauke. Kwana huɗu in ka buɗe sai wani zanen ɗan dabba riƙe da sifana, wai suna gyara, a yi haƙuri. Na shiga zauren da masu amfani da shafin ke hira, na tarar ana ta zage-zage da Turanci. Wani na kuka wai an katse masa jerin kwanakin da ya yi bai fasa jin waƙa ba. Wani ya rantse zai koma wani shafin, washegari kuma ga shi ya dawo yana tambaya ko an gyara. Tsakani da Allah har dariya suka ba ni, don ni a tunanina nawa yana wurin da ba abin da zai same shi.

Da suka dawo, sun dawo da sabuwar fuska. Hotuna manya-manya, rubutu ƙanana, talla ta ko'ina, in kana da data irin tamu sai ka gama cin abinci bai gama buɗewa ba. Zauren ya sake kamawa da wuta. Wannan ba ya son kalar, wancan ya ce an ɓoye masa abokansa, wata ta ce idonta na ciwo. Ni ba kala ce ta dame ni ba. Sun ce wai sun tsabtace sunayen waƙoƙi. Na buɗe shafin Yaya, na ga abin da suke kira tsabta. Waƙar zumuntar matan ƙauyenmu an liƙa mata hoton wasu samari masu dogon gashi riƙe da jita, don sunan ya ɗan yi kama. Waɗanda injinsu bai gane ba, wato kusan duk na harshenmu, an tara su wuri ɗaya an rubuta mawaƙin da ba a sani ba. Ba a sani ba! Matar da ta rera rabinsu tana nan da ranta, ita ta yi min wanka ina jaririya.

Na zauna na rubuta musu doguwar wasiƙa da Turancin ofis. Na faɗi abin da suka yi wa aikin yayana, na kuma tambaye su abu ɗaya a fili: waƙoƙin da ke jira a cikin tsohuwar manhaja, a wayar da ba a kunna ba, me zai same su? Amsa ta zo cikin minti ɗaya, ka san ba mutum ba ne. Wai sun gode da ra'ayina, suna murna da sabon salon, suna fatan ni ma haka. Na kai tambayar zaure. Wani ya ce da ma mun koyi rubuta sunan waƙa yadda ya kamata. Na rubuta masa amsar da ba zan maimaita ta a nan ba, aka goge ta, shi kuwa aka bar tasa. Tambayata ta nutse ƙarƙashin faɗan kala, ba wanda ya waiwaye ta.

Shekara ta cika. An sa addu'ar ran Lahadi a cocinmu na cikin gari, Kawu ya iso Nukkai da akwatin ran Asabar da hantsi. Mawaƙa sun ce in kawo musu waƙar kafin ƙarfe huɗu su gwada. Aka yi addu'a, ya buɗe, ƙamshin turaren Yaya ya cika falon, gwaggonnina suka fara kuka. Ya miƙo min wayar da hannu biyu kamar shi ya yi min alheri. Na jona ta a caji. Ta yi kusan rabin awa shiru, sannan ta kawo haske.

A nan ne na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Ɗoki ya sa na fara haɗa ta da datar wayata kafin in buɗe manhajar, don ina so su zubo a shafinsa yadda na saba gani. Ina buɗewa sai wani allo ya tare ni, wai wannan tsohon samfuri ne, ya daina aiki, a sabunta. Ba hanyar komawa baya, maɓalli ɗaya ne a wurin. Mutum takwas sun zuba min ido, Mama ta matso har gwiwarta na taɓa tawa. Na danna.

Sabuwar ta buɗe tana yi wa yayana barka da zuwa. Na duba wurin da waƙoƙin jira suke zama, babu wurin ma gaba ɗaya. Na duba waɗanda aka ji kwanan nan, fari fat. Na koma shafin a wayata na sake buɗewa, na sake, har yanzu waƙar mota ce a sama. Waƙoƙin kansu suna nan a memori, tuli guda, amma ba abin da zai nuna wacce ya taɓa ran Talatar nan. Daga baya na gano sun rubuta, can ƙasan wani dogon bayani, cewa sabuwar ba ta ɗaukar ajiyar tsohuwar. Daga baya kuma mai gyaran waya ya ce min da ban kunna data ba, da tsohuwar ta buɗe lafiya lau na karanta da idona. Ya faɗa yana sakace haƙori.

Mama ta ce, "Ya fito?"

Na dubi Kawu, da ya riƙe makulli shekara guda a kan minti goma. Na dubi wayar. Na so in yi ihu in ce ku duka kun cuce ni, da ku da su da ni kaina. Amma fuskar Mama na gani, ta sa zanin da ta ajiye don gobe tun yau. Na ja yatsa a kan memorin, na tsaya a kan wata tsohuwar waƙar harshenmu mai maganar komawa gida, na ce, "Ga ta, Mama." Na kunna.

Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta ce ai ta sani, tun ranar zuciyarta ta gaya mata ita ce, ta ga yadda leɓensa ke tafiya. Ta riƙe hannuna ta sa min albarka. Kawu ya ce to, kin gani, da kika jira me ya ragu? Na tashi na bar falon, don in na buɗe baki ba za a yi addu'ar gobe da ni ba.

Mawaƙa sun rera ta, coci ya yi kuka, Fasto ya yi wa'azi a kanta, ya ce ku dubi abin da bawan Allah ya riƙe a bakinsa a sa'arsa ta ƙarshe. Ina zaune a layin gaba ina jin ƙaryata tana fita ta lasifika.

Na bincika shafinsa daga baya, shekara da shekaru, ban ga sunan waƙar ko sau ɗaya ba. Wataƙila tana cikin tulin da suka ce ba a sani ba. Wataƙila kuma bai taɓa son ta ba, masu zubawa ne suka loda masa. Ba wanda zan tambaya.

Mama kuwa kullum da safe da ita take shara. Ta koya wa jikokinta, yaran da Yaya ya bari, tana ce musu wannan ce waƙar babanku. Shekaranjiya ta sayi sabuwar waya, ta kawo min ta ce in saka mata ita, ta zama ita ce ke kaɗawa in an kira ta. Na saka mata, kuma ni na fi kowa kiran ta.