Tagar Mai Aski a Gaban Alƙali

A duk faɗin unguwar babu wanda ya kai mai askin bakin titi iya magana. Shekara talatin da ɗaya yana zuba, ba a taɓa samun wanda ya katse shi ba. Matarsa ce kaɗai ke tuna wa mutane cewa duk masu sauraron nasa suna zaune ne da aska a maƙogwaro.

Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da aka ɗaure ƙafarta da waya, madubi mai tsaga a kusurwa, bencin mutum huɗu, sai taga. Tagar ce ta jawo fitina. Shekara tara da suka wuce zafi ya ishe shi, ya fasa bango ya yi ta. Da mai ginin ya rasu, ɗansa ya kai ƙara, wai an lalata bango ba izini, a fitar masa da mai aski. Shagon nan kuwa shi ke ciyar da gidan.

Izini akwai shi. Marigayin ya rubuta layi biyu da hannunsa, matar ta adana takardar cikin ledar takardun haihuwar yara.

"Baban yara, mu ɗauki lauya."

"Lauya? Wani ya yi magana a madadina? Ni?"

Kwana uku matar tana yi masa bita: idan alƙali ya ce ka fara bayani, abu uku ne kawai. Ni na yi tagar, da izini na yi ta, ga takarda.

"Maimaita in ji."

"Ke, magana kamar aski ce. Ana sa aska ne ba a jiƙa gashi ba?"

Nan ta san akwai aiki. Duk labarinsa a kan tsawon aski ɗaya yake auna shi, minti ashirin da biyar. Gaisuwa lokacin ɗaura ƙyalle, asalin zance lokacin rage ƙeya, ainihin magana kuwa sai an zo gyaran fuska.

Ranar shari'a matar ta sa masa takardar a aljihun hagu da hannunta, ta zauna a benci na biyu tana fuskantar agogon bango. Lauyan mai ƙara ya gama nasa cikin minti biyu. Alƙali ya juyo.

"Kana da minti biyar. Me za ka tabbatar wa kotu?"

Mai aski ya gyara murya. Ya gaida alƙali, ya gaida magatakarda, ya gaida ɗan sandan bakin ƙofa, ya tambayi lauya ya iyali. Minti biyu. Matar ta runtse ido: yanzu yake ɗaura ƙyalle.

"Ranka ya daɗe, tun kafin a yi titin nan, kakana..."

Yatsunsa biyu na dama suna ta yankan iska. A minti na huɗu kakan bai ma iso gari ba. Ta yi tari. Ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ƙaimi, har ya ratse ya shaida wa lauya cewa wanda ya yi masa aski ya karkata masa layin goshi.

"Lokaci ya ƙare," in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, ko gefen kunne ban zo ba!"

"Tagar nan, da izini ko babu?"

Karo na farko ke nan da aka katse shi. Ya tsaya baki buɗe yana duban hannunsa, babu aska.

"To... ai nan zan biyo, amma sai na..."

"Aljihun hagu, bawan Allah!"

Ɗan sanda ya harari matar, alƙali ya ce in ta ƙara za a fitar da ita. Amma hannun mai aski ya riga ya shiga aljihu. Takarda ta je wurin alƙali, ta zo wurin lauya. Ɗan marigayin ya ga rubutun ubansa, ya raɗa wa lauya wani abu, aka janye ƙara.

Shagon yana nan, tagar ma tana nan. Duk wanda ya hau kujerar yanzu sai ya ji yadda jawabin ya girgiza kotu, daga ɗaura ƙyalle har kakkaɓe wuya, kuma ba mai musawa.

Matar ta karɓo kwafin bayanan zaman ta sa a ledar nan. A wurin jawabin mijinta, layi ɗaya magatakarda ya rubuta: "Wanda ake ƙara ya gaida kotu."