Baba Ƙanƙara da Kwarin Umm Salal

Ku da kuka zauna da mu a masaukin kamfani na Umm Salal, ba sai na kwatanta muku Malam Haladu ɗan Gumel ba. Da zarar sanyin Doha ya fara leƙowa, za ka gan shi bayan sallar asuba cikin wata shirgegiyar kwat mai gashi a wuya, da hula mai kunnuwa har haɓa. Ba zai taɓa bas ɗinsa ba sai ya je bakin titi ya doka dunduniya, ya murza, ya tsuguna ya shafa da tafin hannu. Me yake dubawa? Wai ko titi ya daskare. A Doha fa, jama'a! Garin da ko a tsakiyar sanyinsa idan rana ta take sai ka nemi inuwa. Daga nan muka raɗa masa Baba Ƙanƙara, kuma bai taɓa jin haushi ba, don shi a ganinsa sarauta muka naɗa shi.

Kafin ya koma tuƙa bas ɗin masu gadi, direban gidan wani Balarabe ne. Wata shekara maigidan ya kwashi iyalinsa zuwa wata ƙasar Turai lokacin sanyi, ya tafi da shi ya riƙa yi musu tuƙi. Kowa ya je Turai da labarin dogayen benaye yake dawowa, amma Baba da labarin shara ya dawo. Wai dusar ƙanƙara za ta rufe titi ruf, kafin mutane su fito aiki wasu motoci masu ƙaton shebur a goshi sun ture ta gefe, wasu kuma sun bi baya suna watsa gishiri don kada hanya ta yi santsi. Tun daga nan bakinsa ya kama kalma biyu: "A can." Shayi ya huce? "A can ba a haka." Wani ya bar takalmi a bakin ƙofa? "A can da tuni an share shi." Ni kam har mafarkin can ɗin nan na yi, ban kuwa taɓa zuwa ba.

To amma mu ma muna da tamu masifar hanya. Tsakanin masaukinmu da babban titi akwai wani kwari, inda hanyar ke gangarawa ta sake hawa. A gida ruwa da zafi yake zuwa, nan kuwa sai cikin sanyi, kuma ƙasar ba ta sha, dutse ne a ƙarƙashi. Idan an yi ruwa kwarin nan ya cika, sai an jira tankar baladiya, hukumar gari ke nan, ta zo ta zuƙe. Bas ɗin Baba ita ke kai masu gadin safe wurin aikinmu a unguwar Al-Sadd, ta kwaso na dare. Idan ta makale, na dare su ci gaba da tsayuwa, na safe kuma a rubuta ba su zo ba. Mudir ɗinmu kuwa, wato manajan kamfani, ya faɗa da bakinsa: wanda aka cika rubutawa, khalas, shi ke nan, jirgi sai gida. Kowannenmu da bakunan da yake ciyarwa a Najeriya ko Ghana. Shi ya sa Baba ya rantse cewa muddin shi ke riƙe da sitiyari, kwarin nan ba zai kori ɗan kowa ba.

Kun tuna ranar gishiri? An kwana biyu ana wani sanyi mai shiga ƙashi, aka ɗan yi yayyafi. Baba ya shafa titi, ya girgiza kai, ya ce, "Gobe zai kama." Ashe da yamma ya je kasuwa ya lodo buhunan gishiri, ya bi kwarin nan ya barbaɗe shi tas, shi kaɗai.

Washegari muna cikin bas, ina kujerar gaba, muka gangaro. Sai Awudu, ɗan Zangon Kumasi da ke taimaka masa da tuƙi, ya leƙa ya ce, "Baba, hanya ya cika da akuya!"

Wallahi awakin gonar da ke maƙwabtaka da mu ne kaf, har da raƙuma biyu, sun baje a kan titi suna lasa. Baba ya danna ham, ko gezau. Ya sauka da kwat ɗinsa yana kora, ya kori wannan, waccan ta dawo. Makiyayin, wani Basudane, yana zaune a kan dutse yana ɗaga masa hannu yana sa masa albarka, don ya ɗauka sadaka ce aka yi wa dabbobi. Lokaci kuwa yana ta tafiya. Can sai Baba ya buɗe bayan bas, ya saɓo ragowar buhu guda, ya ruga cikin fili yana zubarwa, garken nan duk ya bi shi a guje. Ya dawo yana haki, ya ja mota, muka isa a kan kari.

Da muka sauka na ce, "Baba, yau kam can ɗin ta ba ka kunya."

Ya dube ni sama da ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci tunda ni gajere ne. Ya ce, "Ɗan guntu, titi ya daskare?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To, gishiri ya yi aiki."

Sai kuma gayya. Da ya ga ruwa ne abokin gabarsa, ba ƙanƙara ba, sai ya tuna yadda ake yi a Gumel kafin damina: samarin unguwa su fito su yashe kwata, ruwa ya samu hanya. Ranar Juma'a, ranar da mutum ke samun ɗan barci, sai muka ji ana kaɗa jarka a tsakar masauki. Baba ne, wai gangar gayya ce. Ya bi ɗaki ɗaki yana yaye mana bargo.

"Yalla, ku tashi! Yau za mu yi wa kwari kwata."

Na ce, "Baba, wannan aikin baladiya ne."

Ya ce, "Baladiya ce za a sa a jirgi, ko kai?"

Haka muka fita da diga da shebur da ya aro daga gona. Kai, ƙasar Qatar! Ka sara sau ɗaya, diga ta dawo maka har kafaɗa. Muka yi ta fama har aka kusa kiran salla, hannuwa duk sun yi kanta, ni ina zaginsa a zuci, shi kuwa yana gaba yana nuna inda za a bi da sanda kamar wani injiniya. Da aka gama ya raba mana kunun tsamiya da ya dama da kansa, ya ce duk gayyar da ba a sha kunu ba zalunci ce.

Ruwa na gaba da aka yi, kwata ta yi aiki, ba ƙarya. Kwari ya rage, bas ta wuce lafiya lau. Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, a gida kowace kwata da kududdufin da take zubawa, nan kuwa babu. Ruwa ya bi kwatarmu tiryan-tiryan, ya zagaya bayan katanga, ya shige kicin ɗinmu. Muka dawo muka tarar da Awudu tsaye cikin ruwa har ƙauri, ya ɗora hannu a ka.

"Baba, dubi! Tukunya na ya tafi, wake na ya tafi, albasa duka yana iyo!"

Baba ya leƙa, ya ga tukunya tana juyi a tsakiyar ɗaki. Ya gyara hularsa ya ce, "Awudu, kicin ke zuwa aiki ko bas?"

Ranar da burodi da shayi muka kwana, kuma ba wanda ya yi masa magana sai da gari ya waye.

Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, wanda har manyan shataletalen cikin gari suka koma tafki, ina kan gadin dare a Al-Sadd. Gari ya waye ana ta zubawa, na cire rai da bas. Sai ga ta, ba ta ko makara ba, amma Awudu ke tuƙi.

Na ce, "Ina Baba?"

Ya ce, "Yana cikin ruwa."

A hanya ya ba mu labari. Kwari ya cika har kwatar ta nutse. Baba ya sauka ya shiga gaban bas da sandarsa yana laluben hanya, Awudu na biye da shi a hankali. Ashe wasu masu aikin bututu sun haƙa rami a gefen titi, ruwa ya tafi da shingen da suka sa, ramin ya ɓace a ƙarƙashi. Baba ya gano shi ne ta hanyar faɗawa ciki. Ya fito jiƙe sharkaf, ya nuna wa Awudu inda zai raɓa, ya ce ya wuce da mutane kada a rubuta su. Shi kuwa ba zai gusa ba, don bas ɗin 'yan makaranta da motocin gonaki duk ta nan suke bi.

Da muka iso hantsi ya yi, yana nan. Ruwa har gwiwa, kwat ta sha ruwa ta yi nauyi, leɓɓansa sun yi fari, yana kaɗa sanda yana nuna wa motoci gefe. Ga motar 'yan sanda ta tsaya a tudu, ɗan sandan ya sauke gilashi yana masa magana da Larabci.

"Ya Hajji, wa ya ajiye ka a nan? Wane ne kafil ɗinka?"

Kafil kuwa shi ne ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ba ka gusawa sai ya sallame ka. Baba ya nuna ruwan da ke gefensa, haƙoransa na kaɗawa, ya amsa da guntun Larabcinsa, "Yau wannan ramin ne kafil ɗina. Sai ya sallame ni."

Ɗan sandan ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ɗauki oba-oba ya kira a turo tanka. Amma gari duk ruwa ne, tanka ba ta da ranar zuwa. Ni kam raina ya ɓaci. Na sauka na ce, "Baba, don girman Allah ka fito. Mutanenka sun isa aiki, ba a rubuta kowa ba. Me kuma kake nema?"

Ya ce, "Waɗanda ke tahowa fa? Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Muka yi juyin duniya, ya ƙi ƙememe. Daga ƙarshe ya ce zai tafi, amma sai wani ya karɓi sandar ya tsaya daidai inda ƙafarsa take. Na kwana a tsaye, idona kamar an zuba barkono, amma na karɓa. Sai da ya gyara mini tsayuwa, ya koya mini yadda ake kaɗa sandar, sannan ya yarda Awudu ya ɗauke shi. Muka yi ta karɓa-karɓa har bayan azahar da tanka ta iso.

Sanyin nan ya sauka masa a ƙirji. Da farko ya ce mura ce, ya sha citta da kanumfari ya ci gaba da tuƙi, har ranar da numfashi ya gagara muka kai shi asibiti. Na je duba shi, an sa masa robar iska a hanci, ya rame, hular ma an cire. Ya yafito ni da yatsa.

"Ruwan ya kai maka ina?"

Na ce, "Har cinya, Baba."

Ya ce, "Ni gwiwa. Ka ga illar rashin cin abinci da ƙuruciya."

Muka yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya tambaye ni ko akwai motar da ta faɗa ramin. Na ce ko ɗaya. Ya ce 'yan makarantar fa? Na ce sun je sun dawo. Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi. Ba mu sake magana da shi ba. A nan Doha muka yi masa sutura, nesa da Gumel, kuma ban taɓa kukan wani namiji kamar yadda na yi nasa ba.

Ya gajiyar da mu, ya hana mu barcin Juma'a, ya jiƙa mana wake. Amma duk tsawon zamansa da mu ba a sa ko mutum ɗaya a jirgi saboda makara ba, kuma ku da kuke nan kun san haka. Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya raya abin da ya bari. Yadda ya tsaya cikin ruwa don bayinka su wuce lafiya, ya Allah ka riƙe hannunsa ranar ƙetare siraɗi. Amin.