Kawu Mati Mai Bin Mutum Har Gida

Wa zai manta da Kawu Mati? Mutumin da ko allura ba ya saye sai ya ga ƙofar gidan mai sayarwa! Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "In ta ɓaci, wuyan wa zan riƙe?"

Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni, don haka na sha kunya a kansa, wallahi. Ya taɓa bin wani mai rediyo a ƙafa daga kasuwar Matameye har Dungu. Ya duba zaure, ya gaida tsohuwar gidan, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Madalla, fito da shi in taya." Mutumin ya ce, "Haba Baba, ai a gabanka na sayar da shi a hanya!" Kawu ya ce, "Ba komai, na dai san gidan."

Ko Lawali mijina bai tsira ba. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, amma da ya zo neman aurena sai da Kawu ya bi shi. Na ce, "Kawu, maƙwabta ne fa!" Ya ce, "Ta baya na san gidan, ban san shi ta gaba ba."

To, zamanin soja, shekarar da damina ta yi gardama gero ya bushe a tsaye, maza duk suka tafi ci-rani. Lawali ya aiko daga Kano: wai gwamnatin can ta sakar wa masu harkar kuɗi mara, duk wanda ya samu tebur da kujera ya zama banki. In sayar da awakina in ba wakilin wani kamfanin ajiya, za su ninka. Awakin nan kuwa nononsu ne abincin ƴaƴana.

Wakili ya zo da mota, sai ƙamshin turare yake. Kawu ya ce, "Samari, wa ke sa muku ido?"

"Baba, an waye. Yanzu kasuwa ke riƙe kanta."

"Ko akuya ba ta riƙe kanta, sai da turke. Ina gidanku?"

"Kano."

"Mu je."

Ya shige mota da butarsa ya harɗe. Da ƙyar aka ciro shi, gari na ta dariya.

Ni kuwa na kafe sai na sayar. Da safe na je turke, wayam! Ashe Kawu ya kwashe su ya zuba ɗakinsa, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa.

"Kawu, nawa ne fa!"

"Naki ne. In ta ɓaci, ga wuyana, riƙe."

Na daɗe ban gaishe shi ba, Allah ya yafe mini. Shi kuwa kullum yana gindin gawo yana tsinto wa awakin ƴaƴan gawon.

Kafin rani ya ƙare kamfani ya ɓace, ofishinsu ya koma shagon tela. Waɗanda suka zuba suka kai kuka. A Kano aka ce musu su baƙi ne daga ƙetaren iyaka, a nan ƙasarmu aka ce ai can suka kai kuɗinsu. Ƴaƴana kuwa suka sha nono har ruwa ya sauka.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na tsokane shi ina hawaye: "Kawu, wannan tafiyar fa, ka je ka ga gidan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai! Mai wannan gidan bai taɓa guduwa da ajiyar kowa ba."

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya sa ya tarar da ajiyarsa a ninke.