Na ɗaga waƙa, ban ji amshi ba

Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Ba girman kai ba ne, kunnena ne.

Duk wanda ya san ni ya san injin niƙana na hanyar Digil, ya kuma san ni ke ɗaga waƙa a zumuntar matan cocinmu. Shekara goma sha tara ina tsaye a kan injin nan, ban taɓa toshe kunne ba. Wa ya taɓa gaya mana?

Da ƙara abin ya fara, kamar gyare ya tare a kaina. Daga nan na riƙa zargin mutane da magana ciki-ciki. Mijina, Baban Tizhe, ya sha faɗa ba laifin tsaye ba na zaune, bawan Allah.

A waƙa abin ya fi muni, ni kuwa ban sani ba. Na daina jin bugun tulu sosai, sai in bar kiɗa a baya in yi gaba abina. Matan nan kuma, don girmamawa, ba wadda ta ce uffan. In na yi sauri su bi ni da gudu, in na ja su ja. Wata huɗu suna rufa mini asiri ina ta buɗe maƙogwaro.

'Yata Kwanye ce ta ɗauke mu a waya ranar godiyar kaka, ta ƙure ƙarar, ta manna mini a kunnen dama. Na ji kaina. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na ce ba zan sake ɗaga waƙa ba sai na ji amshi da kunnena.

Na ɗiga man ja mai ɗumi a kunne. Na sosa da gashin kaza har kunnen hagu ya fara ruwa. Sai wani mai tebur a kasuwar Mubi ya miƙo mini 'yar na'ura ya ce, "Mama, ka saka wannan, har maganan Kamaru za ka ji."

Bai ko leƙa kunnena ba. Kamaru dai ban ji ba, amma na ji ƙarar kowane keke napep a garin nan, maganar mutum kuwa shiru. Kwana uku kaina kamar zai tsage. Kuɗin buhun wake guda da na biya ya tafi a banza.

Wata nas a cocinmu ce ta ce in je Yola in nemi odiyolojis, wato mai gwajin ji wanda ya karanci aikin. Muka yi sammako, muka yanki kati, muka bi layi. Likitan kunne ya fara warkar da ciwon da na ji wa kaina, mako biyu ina ɗiga magani, kafin a tura ni wurin mai gwajin jin.

Bafulatana ce, ba ta wuce sa'ar Kwanye ba. A raina na ce, wannan 'yar? Amma kafin ta taɓa komai sai da ta zauna tana fuskantata, ta tambayi sana'ata, ta tambayi abin da na fi kewar ji. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Ta haska kunnen da 'yar fitila. Ta sa ni a wani ƙaramin ɗaki marar motsi, ta rufe mini kunnuwa da abin saurare, ta ce in danna maɓalli duk sa'ad da na ji ƙara. Ta gilashi nake hangenta tana aikinta, ni kuwa ban ji abin dannawa ba. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Ta nuna mini sakamakon a takarda, ta ce, "Inna, abin da injin ya ci ba zai dawo ba. Amma abin da ya rage za mu tsare shi."

Na tambaye ta ko zan sake waƙa. Ta ce in rera mata ɗaya. Na rera, a ofis, mutane na leƙe.

Akuyoyina biyu suka tafi wajen sayen na'urar gaske. Da farko muryata ta fito kamar daga cikin randa. Sau uku na koma Yola tana daidaita ta da kwamfuta, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Yanzu ba na tada injin sai na toshe kunne.

'Yan'uwa, duk wanda zai sayar muku da na'ura bai gwada jinku ba, ku riƙe kuɗinku. Ku nemi mai tambaya kafin ya taɓa ku, mai ba ku takardar gwaji, mai cewa ku dawo. Wanda ya yi alkawarin kunne zai koma sabo, ku yi masa sai an jima. Masu injin niƙa da masu walda, ku toshe kunne tun yau.

Lahadin da ta wuce na miƙe na ɗaga waƙa. Tulu ya shigo, na ji shi. Mata arba'in suka amsa, na ji su ɗaya bayan ɗaya, har da Mama Rifkatu da ba ta taɓa dacewa da kowa ba. Baiti na biyu da hawaye na rera shi.

Na gode wa Allah, na gode wa Baban Tizhe da Kwanye, da 'yar nan da na raina. Ku kuma matan zumunta, na gode da rufin asiri, amma ya isa haka. In na sake kaucewa, ku gaya mini. Yanzu zan ji ku.