Wata Ukun da Baba Ya Ce

Gara in faɗa tun farko cewa ban gama amincewa da ƙwaƙwalwata ba. Shekarata bakwai ko takwas a lokacin, kuma na sha juya labarin nan a raina har ina tsoron na yi masa ƙari.

Abin da na tabbata shi ne, a shekarun da kuɗin man fetur ya cika ƙasar nan, mahaifinmu ya bar gonarsa a Gangara ya bi babbar mota zuwa Legas, inda aka ce ana neman masu sauke siminti daga jiragen ruwa. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, sai ya kawo ni da yayata Rabi Jibiya wurin tasa uwar, Inna Dije. Ya dafa kaina ya ce, "Wata uku zan yi."

Gidan Inna yana kusa da hanyar Maraɗi. Idan an sauke tuwo takan tura karan gero cikin murhu, mu kewaye wutar da 'ya'yan maƙwabta, muna jin gurnanin motocin da ke jiran tsallake iyaka. Duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Na ƙirga jinjirin wata uku, na ƙirga na huɗu. Ranar da na ga na biyar na ture tuwona, na ce Baba maƙaryaci ne.

Rabi ta ɗaga hannu za ta mare ni. Inna ta ce, "Ƙyale mini angona. Kai, mai kan ƙwarya, matso nan. Da ya ce maka wata uku, ya ce watan wace duniya?"

Na ce, "Duniya ai ɗaya ce."

"Wa ya gaya maka? Mu da Maraɗi ma ba kullum muke ganin watan Sallah rana ɗaya ba, balle can."

Ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, labari ne. Ta nuna wani tauraro da muciya, ta ce a bayansa akwai wata duniya. Ranarsu ja ce kamar garwashin nan, babba, amma ba ta ƙuna. Ƙasarsu baƙa ce mai ƙyalli. Iskarsu tana da kauri, tsuntsaye iyo suke yi a cikinta, ruwan sama kuma yakan sauko a hankali har yaro ya ga ɗigo ya kauce masa. Watansu uku: fari kamar nono, ja kamar tofin goro, da wani ƙarami wanda na manta launinsa. Kowa inuwarsa uku.

"To su can," in ji ta, "in mutum ya ce wata uku, yana nufin daren da ukun za su cika tare. Farin mai sauri ne, jan ma ba laifi. Ƙaramin nan kuwa, rago ne kamarka."

Ta ce wani bafatake a can ya yi wa ɗansa alkawarin wata uku, ɗan ya zauna bakin hanya yana duban sama. Na ja kwanona na ci tuwon da sanyinsa. Ina jin a cinyarta barci ya ɗauke ni. Wasu darare ta ƙara mana koguna da duwatsu, amma ban taɓa tambayar ƙarshen bafataken ba. Tsoro nake ji.

Baba bai dawo ba, ko wasiƙa ba mu samu ba. Inna ta rasu ina makarantar sakandare.

Na karanta kimiyya a jami'a, na koyar da ita shekaru da yawa. Da aka fara ba da labarin gano duniyoyi masu kewaya wasu taurari, na bi labarin da zumuɗin da har kunya ya ba ni. Idan na fahimta daidai, akwai taurari jajaye, kuma iska mai kauri tana iya rage saurin ɗigon ruwa. Watannin waɗannan duniyoyin ne, iya sanina, ba a tabbatar ba tukuna. Ba na cewa Inna ta san wani abu. Wataƙila dai uwa ce da ba ta iya jin an kira ɗanta maƙaryaci, ita ma tana jiransa, sai ta gina mana wurin da maganarsa ba ta karye ba.

Rabi ta ce bafataken ya dawo, amma Rabi ta saba lallashina. Saboda haka ina roƙon waɗanda muka kewaye murhun nan tare, Sale da Hansatu da sauran, idan kuna raye, ku gyara mini inda na kuskure. Wane launi ne ƙaramin watan? Kuma Inna ta taɓa cewa ukun sun cika tare? Ku faɗa mini yadda ta faɗa, ba sai kun tausaya mini ba.