Abin da Lasifika ke Faɗa a Isna

Mahaifina Dardiri mai jifa ne. A garinmu Isna in ka faɗi haka kowa ya gane: yana cikin masu tare jiragen 'yan yawon buɗe ido da kwale-kwale, lokacin da jiragen suka jeru a Nilu suna jiran a buɗe musu ƙofar ruwa. Mutum biyu ne a kowane kwale-kwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tsaye. Na tsayen ya cusa jallabiya ko mayafin tebur a leda, ya ƙulle bakinta, ya wurga ta ta haye benaye ta sauka a rufin jirgi, inda baƙi ke kwance suna shan rana. Wanda ya ga abin da yake so ya sa kuɗinsa cikin wata ledar ya jefo, wanda bai so ba ya maido da kaya. Ledar da ta faɗa ruwa kuwa, kafin a yi maganar asara sai an gama yi wa mai ita dariya.

Baba bai gaji sana'ar ba. Kakana manomi ne, gonarsa ba ta isa a raba wa 'ya'yansa maza ba. Aikin Baba tun yana ƙarami shi ne korar tsuntsaye da hoge, kuma an ce ba ya kuskure. Abokinsa Bastawi, wanda ya gaji tsohon kwale-kwale, shi ya ce masa hannun nan ya fi ƙarfin tsuntsaye. Tun kafin a haife ni suke tare, Bastawi a filafili, Baba a tsaye. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, har telansa ya san yadda zai yanka masa riga. Da wannan kafaɗar aka yi mini karatu har na gama jami'a, na fito da Jamusanci da aikin jagorar baƙi. Tun daga ranar ya daina kira na Rihab, sai Daktora, ko da shayi yake so in kawo.

Abin da ya fi alfahari da shi ba hannun ba ne, lasifika ce. Duk jirgin da ya doso Isna sai ka ji an yi sanarwa da harshen Turawa, kuma kalma ɗaya tak Baba ke ganewa a ciki: Isna. Tun yana saurayi ya yanke wa kansa cewa gabatar da su masu jifa ake yi, kamar yadda ake sanar da baƙi an iso haikalin Idfu ko na Kom Ombo. Da ya ji lasifika sai ya gyara rawaninsa, ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna wa jirgin, sannan ya yi jifan farko.

“Mu ma muna cikin abin da suke zuwa gani,” yake gaya mana a bakin akushin wake. “Duwatsu ne kawai a can, ba sa magana. Mu kuwa muna yi.”

Jiragen da ke ɗauke da 'yan ƙasa ba ya ko kusantar su, ya ce 'yan gida ba sa saye, sai taya kaya don nishaɗi. Shi ya sa bai taɓa jin sanarwar da Larabci ba.

Ni na ji ta. A kakar da ta wuce na samu aiki a wani jirgi mai zirga-zirga tsakanin Aswan da Luksor. Manajan, Ustaz Midhat, mutumin Alƙahira, ya ce muryata na da daɗi, in naɗa musu sanarwar jirgi sabuwa da Jamusanci da Turanci da Larabci. Akwai ta lokacin abinci, akwai ta sauka zuwa haikali. Ta Isna ga abin da take cewa: “Baƙinmu masu daraja, mun kusa Isna. Ku rufe tagogin ɗakunanku. Wasu mutane za su kewaye jirgin suna jefo kaya. Ba mu san su ba, ba mu da alaƙa da su. Kada ku taɓa ledojinsu, kada ku kula su, in kun yi shiru za su gaji su tafi. Ku sa ido kan jakunkunanku.”

Na karanta ta. Sabuwar ma'aikaciya ce ni, kuma na riga na gaya wa Ustaz Midhat cewa mahaifina ɗan kasuwar tufafi ne. Duk mako ni ke danna maɓallin, sannan in leƙa ta tagar ofis in hango Baba a ƙasa yana rusuna wa muryata. Da Jamusanci bai gane ni ce ba.

Da hutun makarantu na tsakiyar shekara ya zo, jirgin ya cika da iyalai daga Alƙahira, aka ba kowane ma'aikaci damar kawo ɗan'uwa ɗaya kyauta. Bakina ya suɓuce na faɗa a gida.

“Ni zan je,” in ji Baba, kafin Mama ta ajiye butar shayi.

“Kai da ko haikalin bakin kasuwarmu ba ka taɓa leƙawa ba?” Mama ta ce. “Kullum kana wuce shi kamar ramin shara.”

“Wancan a rami yake. Ni sama nake so in gani. Rayuwata duka ƙasan jirgi nake kallo, Daktora, ki bar ni in ga inda kayana ke sauka.”

Na san tunda baƙin 'yan ƙasa ne, da Larabci za a sa sanarwar. Na lallashi kaina da cewa ni ce mai danna maɓallin, ranar kawai sai in ƙi dannawa.

Ya ari kwat daga wurin mijin ƙanwarsa ya ɗora kan jallabiya, ya bi jirgin ƙasa ya same ni a Aswan. Kwat ɗin ta matse shi a kafaɗar dama, ta yi masa yawa a ta hagu. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. A wurin abinci ya ƙi taɓa komai sai burodi da wake, ya ce sauran bai san sunansu ba, kuma ba ya cin baƙon da ba a gabatar masa ba. A Kom Ombo ya tsaya kan busassun kadojin da aka jera cikin gilashi ya ce na tsakiyar Bastawi ne sak in bai sha shayi ba. Kowane ginshiƙi muka wuce sai ya ɗaga kai ya auna shi da ido, ya ce, “Wannan jifa ɗaya ne.”

A Idfu muka tsaya gaban ƙatuwar ƙofar, inda aka sassaƙa sarki ya ɗaga hannu zai rotsa maƙiya. Ina tsakiyar yi wa baƙina bayani, sai na ji Baba daga baya.

“Wannan bai iya ba.”

Mutane suka juya.

“Ku dubi gwiwar hannun. In ya sake shi a haka, kafin damina biyu kafaɗar ta tashi aiki. Daga ƙugu ake farawa, Alhaji, ba daga wuya ba.”

Aka kwashe da dariya. Wani likita mai tumbi ya dafa shi ya ce, “Wallahi Baba, kai ya kamata a ba sandar jagora.” Har ya sa matarsa ta ɗauke su hoto tare. Baba ya dawo jirgi yana tafiya kamar shi ya gina haikalin.

Bayan azahar muka doso Isna. Na shiga ofis na zauna kusa da maɓallin. Na hango gadar garinmu, na hango hasumiyar masallacinmu. Ban danna ba. Na fara zaton mun tsira, sai aka aiko cewa wata mata ta kulle kanta a waje, in kai mata mabuɗin ɗaki. Ina dawowa ta matakala na ji ƙarar kunna lasifika. Ustaz Midhat ya shigo ya ga ban yi ba, ya yi da kansa.

Na hau rufin jirgi a guje. Baba na tsaye a bakin ƙarfe, ya riga ya dafa ƙirji da hannu. Da ya ji muryata ya juyo yana murmushi, ya nuna wa likitan lasifikar, ya ce, “'Yata ce.”

Sai kalmomin suka ci gaba da fitowa, da Larabci mai tsabta, a hankali, yadda aka koya mini. Ba mu san su ba. Kada ku kula su. Za su gaji su tafi. Na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda za shi ba. Hannun ya sauko daga ƙirji. Matar likita ta jawo jakarta ta rungume.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila mun sami yadda za mu yi. Amma Bastawi ya san jirgin da muke ciki, ya ɗauko wani mai jifa ya zo tarar amininsa. Leda ta taso ta faɗo daidai ƙafafun baƙi. Suka ja baya kamar an jefo maciji. Likitan ya sa takalmi ya ture ta gefe.

“Ga 'yan fashin ruwan sun iso,” ya ce wa Baba yana dariya. “Kowace shekara haka. Ban san me ya hana hukuma kwashe su ba.”

Daga ƙasa muryar Bastawi ta taso, muryar da ake ji daga gaɓa zuwa gaɓa.

“Dardiri! Kai, Basha, babban mutum! Wa ya ara maka kwat? Leƙo mu gan ka mana, ko ka zama Bature? Ka gaya musu kayanmu auduga ce zalla, kai ka fi kowa sani!”

Likitan ya dubi ƙasa, ya dubi Baba. “Ka san su ne?”

Baba bai ko leƙa ƙasa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ledar, ya share ƙurar takalmin da hannun kwat, ya gyara ƙullin bakinta. Sannan ya jefa ta ƙasa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana saukar da leda kan teburin da ya ga dama, bai taɓa jifa daga sama zuwa ƙasa ba. Ledar ta wuce kwale-kwalen ta faɗa ruwa.

“Kai jama'a, ku zo ku gani!” Bastawi ya yi ihu, yana buga filafili don daɗi. “Kwana uku a sama, hannu ya mutu! Dardiri ya jiƙa kaya!”

Duk kwale-kwalen da ke wurin suka ɗauki shewa. Su wasa suke yi, sun yi nisa da lasifikar lokacin da ta yi magana, ba su san komai ba. A sama kuwa babu mai dariya. Matar likita ta buɗe wayarta, ina jin hoton Idfu take nema.

Jirginmu ya ɗaure a gaɓa don jiran layi. Na sami Baba a ɗakinsa ya cire kwat ya ninke ta, ya ƙulla kayansa. Saura Luksor da Karnak, waɗanda ya fi ɗokin gani.

“Baba, ba ni na rubuta ba.”

“Na sani.”

“Ba ni na danna ba yau.”

“Yau,” ya ce. Ya dubi tagar, wadda mai gyaran ɗaki ya riga ya rufe. “Sauran jiragen fa? Su ma abin da suke faɗa ke nan?”

Na so in ce a'a. Na so in ce namu ne kaɗai, manajanmu ne marar mutunci. Amma ya dube ni irin kallon da yake yi wa tsayin jirgi kafin jifa.

“Kusan duka,” na ce.

“Tun da?”

“Ina jin tun da.”

Ya gyaɗa kai. “Ni kuma ina rusunawa.” Ya ɗauki ƙunshinsa. “Muryarki ta fito da kyau, Rihab.”

Ya bi ta cikin jiragen da ke ɗaure gefe da gefe ya fita gaɓa, ya nufi gida a ƙafa. Ban bi shi ba, an buga ƙararrawar shayin la'asar kuma ni ke kan aiki.

Mama ta ce mako guda bai je ruwa ba. Bai gaya mata komai ba, bai gaya wa Bastawi ba, har yau Bastawi na zaton kunyar ledar da ta jiƙe ce ke damun sa, yana ta tsokanar sa da ita. Daga baya ya koma, don gida ba ya ci da zama. An ce hannun na nan yadda yake. Rusunawar ce babu, kuma in lasifika ta fara magana sai ya duƙa yana ƙulla leda har ta gama.

Na roƙi Ustaz Midhat a sauya sanarwar. Na gaya masa gaskiyar sana'ar mahaifina, ya ji kunya, ya ba ni haƙuri, ya ce kalmomin daga babban ofis suke, amma zai sa wani ya sake naɗa ta. Yanzu muryar namiji ce ke faɗar ta. Na aika wa Baba da labarin ta bakin Mama.

Duk mako muna ratsa Isna. Kwale-kwale suna taso mana kamar kullum, ledoji na faɗowa a rufi. Ɗaya ne kawai ke tsayawa can nesa kusa da gaɓa, Bastawi ya ɗaga filafili yana mita, Baba ya ba jirginmu baya yana ninke mayafi. Ina tsayawa a bakin ƙarfe inda zai iya gani na in ya juyo, har a buɗe mana ƙofa mu shige.