Kyanwar da Ta Riga Ni Samun Kafili

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Sa'alaba tare da gwaggona, na taɓa yin aikin shara a gidan wata Balarabiya mai tara kyanwoyin titi. Tana yi musu magani, masu so su zo su cike takarda su ɗauka. Ni kuwa umra ta kawo ni Jidda na maƙale, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ta san da haka.

Ƙananan kyanwoyi ba sa kwana biyu an ɗauke su. Amma akwai wata tsohuwa, toka-toka, haƙoranta rabi sun zube, ko kallonta ba a yi. A wani ɗaki aka tsinto ta a kulle, bayan an kama masu ɗakin an mayar da su ƙasarsu. Tun da aka kawo ta take ƙin abincin gwangwani, ta rame kamar tsumma. Ranar Talata madam, wato Balarabiyar, ta ce mini, "Halas, ya isa haka, wahala take sha. Asabar likita zai zo ya yi mata allura ta huta."

A ranar da azahar na zauna a bayan gida na buɗe kwanona, ɗumamen tuwo da miyar kuka da ɗan busasshen kifi. Sai ga tsohuwar nan tana tangaɗi, ta zo ta zauna daidai gwiwata. Ba ta sa baki a kwanon ba, hannuna kawai take kallo. Na gutsuro loma na dangwali miya na ajiye a ƙasa. Ta cinye tas, ta sake ɗago kai.

Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ashe ke 'yar gida ce! Namu ne suka rene ki."

Na ruga wurin madam na ce ni zan ɗauke ta. Ta ce dokar gidanta ɗaya ce, sai mai iƙama, don ba ta son a sake kama mutum a bar dabba a kulle. Gaskiya ta faɗa, amma raina ya ɓaci. Na ce ta ba ni zuwa Asabar.

Da na faɗa wa gwaggona, salati ta saka. "Ke da kike ɓuya in kin hango motar 'yan sanda, ke ce mai neman wa mage takarda?"

Akwai wani dattijon tela a unguwar Ammariyya, cikin Hausawan Sudan, mai takardunsa cif. Na je shagonsa na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"'Yata, mutane na zuwa in tsaya wa matansu da 'ya'yansu. Ke kyanwa kika kawo mini? Yalla, tashi ki tafi."

Ban tafi ba sai da ya rufe shago. Laraba na dawo, Alhamis na dawo, ina zaune ina tsince masa zare kamar wata 'yar koyo. A ƙarshe na ce, "Baba, ni ma in an kama ni gobe, ina so a samu wanda zai buɗe ƙofar ɗakina." Ya daina taka keken. Asabar da sassafe ya riga likita isa gidan, ya sa hannu a matsayin mai ita, wato kafilin da ya tsaya mata, yana ta mita.

Haka na ɗauko ta a kwali. Gwaggona ta leƙa ta ce, "To, sannu da zuwa, hajiya mai kafili. Mu dai ba mu samu ba." Bayan sati ita ce ke rage mata kan kifi.

Tun daga ranar ban taɓa fita ba tare da na bar makulli wurin maƙwabciyarmu ba. Shekara huɗu kyanwar ta yi tare da mu. Sau biyu mahaifiyata tana aiko mini in dawo gida haka nan, ina ce mata akwai abin da ban gama ba. Kunya ta hana ni faɗin ko mene ne. A kan tabarmata kyanwar ta mutu wata safiya, ƙofa a buɗe, ina zaune kusa da ita. Watan da ya biyo baya na tattara kayana na dawo.

Masu ɗaukar dabba, don Allah ku riƙa duba tsofaffin. Akwai gidan da suka rasa, kuma suna tune da shi. Ni dai har yau in na zauna cin tuwo, sai in ga na gutsuro lomar farko ina neman inda zan ajiye ta a ƙasa.